Yawo a kwale-kwale a tafkin Kainji da bazara: ruwa in ya ja baya, hatsari ya ragu?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a Kontagora. Ni da abokaina biyu muna shirin zuwa Yauri da iyalanmu a hutun watan Afrilu, mu ɗauki hayar kwale-kwale mai inji mu zagaya tafkin Kainji, yara su ga ruwa. Mu goma sha huɗu ne, shida yara. Ɗaya daga cikin abokan nawa ya ce bazara ta fi kwanciyar hankali tunda ruwa ya ja baya, kuma ruwan dam ba ya gudu irin na kogi. Mahaifiyata kuwa ta ce sam ba da jikokinta ba. Wa ya fi gaskiya a cikinsu? In kuma za mu je, me za mu kiyaye?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: ko janyewar ruwa da bazara tana rage hatsari a tafkin da dam ya tara, da kuma yadda mutum goma sha huɗu za su shiga jirgi su fito lafiya. Na yi shekara fiye da ashirin tsakanin tuƙin jirgi da gyaran injinsa a wannan ruwa, don haka zan faɗa maka abin da na gani. Tafiyarku mai yiwuwa ce, amma ba don dalilin da abokinka ya kawo ba. Hasali ma dalilin nasa shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a cikin wasiƙarka, domin wanda ya shiga jirgi da wannan tunani ba zai sa ido a inda ya kamata ba.

Abin da ke ƙarƙashin ruwan

Kainji ba tafkin Allah da Annabi ba ne. An fara ginin dam ɗin a kan kogin Neja, wanda muke kira Kwara, a 1964, aka gama a 1968. Da aka datse kogin, ruwa ya koma baya ya shafe ƙasa mai tsawon kusan kilomita 135, daga bakin dam har zuwa Yauri. Mutane fiye da 40,000 aka tayar daga garuruwansu. Tsohon garin Bussa yana ƙarƙashin ruwa, shi ya sa aka gina sabuwar Bussa. Duwatsun da Baturen nan Mungo Park ya halaka a cikinsu a 1806 su ma ruwan ya haɗiye su. Mafi yawan tsibirin Foge, da gonaki da fadamu da kurmi, duk suna ciki.

Ba don tarihi kawai na kawo wannan ba. Ƙasan kogi ruwa ne ya share shi shekara aru-aru, matuƙi ya san inda zurfi yake tun daga kakansa. Ƙasan tafkin dam kuwa daji ne da aka zuba wa ruwa. Ba a sare itatuwan duka ba kafin a cika shi, kuma icce mai ƙarfi in yana cikin ruwa ba ya saurin ruɓewa. Rassa sun kakkarye, amma kututturan suna nan tsaye kamar turaku, shekara hamsin da ɗoriya. Ga tuddai, ga duwatsu, ga tsofaffin gaɓoɓin kogi.

Sai kuma yadda ruwan ke hawa da sauka. Kainji cika biyu yake samu a shekara. Akwai farin ruwa, wanda ke zuwa daga wajen watan Agusta, ruwan daminar ƙasarmu ne da kogin Sakkwato da sauran rafuka ke kawowa, mai laka, shi ya sa aka kira shi fari. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya faro daga tuddan ƙasar Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali har lakarsa ta kwanta, ya iso mana cikin sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Waɗannan biyun ke cika tafkin. Daga wajen Maris abin da ke shigowa ya ragu, injinan wutar lantarki kuwa ba su daina shan ruwa ba, rana ma tana ɗibar nata. Sai tafkin ya dinga sauka har tsakiyar damina, kuma tsakanin cikarsa da ƙarshen saukarsa akan samu kusan mita 10. Ka ƙiyasta tsayin bene mai hawa uku.

To ka ga inda maganar abokinka ta karye. Kututturen da a watan Janairu yake can ƙasa jirgi ya wuce ta kansa ba labari, a watan Afrilu yana iya zama ɗani ɗaya a ƙarƙashin fuskar ruwa. Wanda ya fito fili ba shi ne matsala ba, kowa na ganinsa, tsuntsaye ma na sauka a kai. Wanda ya rage kaɗan ya fito shi ne mugun. Kuma tunda ruwan sauka yake yi kullum, hanyar da aka bi lafiya makon jiya ba lalle ta zama lafiya yau ba.

Ni kaina na taɓa ɗanɗanawa. Wata shekara a ƙarshen Afrilu na ɗauko buhunan busasshen kifi da mutum huɗu, na ce bari in yanke ta wata kusurwa da na saba bi tun sanyi don in rage mai. Ban ankara ba sai na ji jirgi ya yi tsalle, inji ya yi ƙara ya ɗaga sama. Fin, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe da farfela, ya karye, katako ɗaya ya tsage, ruwa ya fara shigowa. Abin da ya cece mu, bayan ikon Allah, shi ne ba gudu nake yi sosai ba, jirgin bai cika ba, kuma akwai filafili biyu da roba ta kwarfe ruwa. Mutum biyu na kwarfa, biyu na tuƙi, muka kai gaɓa. Da lodin ranar kasuwa ne, da wani labarin ake yi. Bayan hatsarin jirgin da ya nutse a hanyar kasuwar Warrah a 2021, hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki daga ruwa ta HYPPADEC da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA sun shiga aikin cire itatuwa a wasu hanyoyin jirage, kuma an ji daɗinsa. Amma tafki mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 1,200 ba a share shi kamar tsakar gida.

Batun cewa ruwan dam ba ya gudu, wannan gaskiya ne a tsakiyar tafkin. A Yauri, inda ku za ku je, ba haka ba ne. Yauri a wutsiyar tafkin take ta arewa, wurin siriri ne, kuma da ruwa ya sauka sai ya koma halinsa na kogi, da gudu da duwatsu da yashi.

Hadarin gabas

Wannan ne abu na biyu, kuma a wurina ya fi kututture. Bahaushe bai yi kuskure ba da hadari da haɗari suka kusa zama kalma ɗaya a bakinsa.

Da tsakar damina kowa a shirye yake, ana ganin gari ya haɗe a fasa tafiya. Bazara ita ke yaudara. Gari zai waye garau, zafi kamar wuta, ruwa kwance lumui kamar an shimfiɗa tabarma. Da la'asar sai ka hango gabas ta yi duhu. Hadarin farkon shekara iska yake turowa gaba kafin ruwa, wani lokaci ma iskar ce kawai da ƙura, ko ɗigo ba za a yi ba. A tudu iskar nan kwanon ɗaki take yayewa. A tsakiyar Kainji, inda faɗin ruwan ya haura kilomita 20 ba dutse ba bishiya da za su tare ta, tana tayar da igiyar ruwa cikin ɗan lokaci. Igiyar tafki ba irin ta teku ba ce mai tsawo da jirgi zai hau ya sauka. Gajeru ne masu tsini, suna zuwa a jere kusa da kusa, musamman inda ruwa ba zurfi, kuma da bazara wuraren da ba zurfi sun ƙaru. Jiragenmu na katako masu shimfiɗaɗɗen ƙasa ne, an yi su don ɗaukar kaya a kwantaccen ruwa. Igiya uku in suka faɗo ciki a jere, jirgi ya yi nauyi, ta huɗun ba sai ta yi ƙarfi ba.

Daga lokacin da ka ji iska mai sanyi ta bugi fuskarka bayan zafin nan, abin da ya rage maka kaɗan ne. Matuƙin kirki ba ya jiran wannan. Yana ganin duhun ya nufi gaɓa mafi kusa, ko da ba nan za shi ba, ya ɗaure jirgi a jira. In iska ta riga ta kama shi, zai rage gudu ya fuskanci igiyar da hancin jirgi a ɗan karkace, ba zai ba ta gefe ba. Abin da ke kanku fasinjoji a lokacin shi ne kowa ya zauna ƙasa a inda yake. Na ga jirgin da iska ba ta kifar ba, mutanen ciki suka kifar da shi, domin ruwa ya fantsamo ta dama kowa ya ruga hagu.

Maganin wannan duka mai sauƙi ne har mutane na raina shi: a fita da sassafe. In kun shiga ruwa da ƙarfe bakwai, kun fito kafin sha ɗaya, kun kauce wa mafi yawan hadarin bazara, kun kauce wa zafin da a Yauri yakan haura digiri 40 a Maris da Afrilu. NIWA ta hana tafiyar dare, daga shida na yamma an rufe. Ni ga mai yawon buɗe ido da yara, azahar ce ƙarfe shidan yamma a wurina. Ban ce hadari ba ya tasowa da safe ba. Yana yi, kuma ni ma sama ta sha ba ni kunya bayan na rantse ba za a yi iska ba. Amma wanda ya fita da safe yana da rana a gabansa in inji ya mutu, akwai masunta a kan ruwa da za su gan shi.

Jirgin da mai tuƙa shi

A ranar 26 ga Mayu 2021, jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa kasuwar Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi ya tsage ya nutse da mutane fiye da 150. Waɗanda aka ceto da rai ashirin ne da 'yan kai. Jami'ai sun ce tsohon jirgi ne, an kuma yi masa lodin da ya wuce ƙarfinsa, mutane da kaya har da babura. Ka lura da watan: ƙarshen bazara. Bayan wata shida, ranar 30 ga Nuwamba, a dam ɗin Watari da ke Bagwai a jihar Kano, jirgi ya kife da ɗaliban Islamiyya da suka taso daga Badau za su Mauludi, aka rasa aƙalla 29, yawancinsu yara. Watari ƙaramin dam ne in aka gwada da Kainji. Allah ya jiƙansu. Ina jin irin waɗannan labarai ne ke zuciyar Hajiya, kuma ba wanda zai ga laifinta.

Abin da ya haɗa su shi ne lodi. A nan kuna da sa'ar da 'yan kasuwa ba su da ita, domin ku shata za ku ɗauka. Mai fito yana cika jirgi ne don kuɗin man ya fita. Ku biya kuɗin jirgin gaba ɗaya, ku yi sharaɗi tun a tudu cewa ba za a ƙara ko mutum ɗaya ba, ko ɗan'uwan matuƙin ne, ko buhu ɗaya ne za a sauke a gaba. Kada ku zaɓi ranar kasuwa, domin a ranar jiragen kirki duk suna kan aiki, ragowar za a ba ku.

Ku nemi jirgin da ya saba ɗaukar ninkin adadinku. Bayan kowa ya zauna, ka leƙa ka ga tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa. Ni a ƙa'idata in ba ta kai kamu ɗaya ba, ba na tashi da yara. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kafin ku shiga, ka duba cikin jirgin. Ɗan ruwa a ƙasa ba komai ba ne, kowane jirgin katako yana tsattsafa. Amma in ka tarar an kwarfe yanzu kuma kafin ku gama ciniki ya sake taruwa, ko ka ga faci a kan faci da kwano da tsumma, ko ka danna katako da ɗan yatsa ya lotsa, ka yi godiya ka wuce.

Injin kuma, a tayar da shi a gabanka. Yawancin namu Yamaha ne, daga mai doki 15 zuwa 40 zuwa 75, kuma ga irin tafiyarku mai doki 40 ya isa. Ba gudu kuke nema ba, gudu ma shi ke mayar da karo da kututture ya zama musiba. Wanda sai an ja igiya sau goma ya tashi a bakin gaɓa, a tsakiyar ruwa sai an ja sau ɗari. Ka tambayi matuƙin ko yana da filogi da fin na ajiya, da man da zai kai ku ya dawo da saura, da filafili aƙalla biyu, da gora ta dogarawa, da abin kwarfe ruwa, da igiya. Matuƙin gaske ba ya jin haushin wannan tambaya, daɗi ma yake ji.

Shi kansa matuƙin ya fi duk abin da na lissafa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Kuna son wanda ke bin wannan hanya a wannan makon, ba wanda ya san ta bara ba. Kada ku yi ciniki da yaran da ke tare baƙi a bakin hanya. Ku je wurin shugaban 'yan jirgi na tashar ko Sarkin Ruwa, ku gaishe shi, ku faɗa masa da mata da yara kuke, ku roƙe shi ya zaɓa muku dattijo. Sarkawa da Gungawa a ruwan nan aka haife su, kuma in shugaba ne ya haɗa ku da mutum, ya san za a tambaye shi. Wanda ka ga idonsa ya yi ja yana surutu fiye da kima, kai malami ne, ka san alamar.

Rigar ruwa

Mutanenmu na cewa iya ruwa fid da kai, kuma a nan karin maganar take da gaskiya fiye da yadda ake nufi: gwanin iyo kansa kaɗai yake fitarwa, in ma ya fitar. Uban da ke da 'ya'ya biyu a ruwa da mata da zani ya naɗe mata ƙafa, iyonsa ba ya kai ko'ina. Babbar riga da hijabi in sun jiƙe nauyi suke yi su ɗaure mutum.

Don haka kowa da rigar kariya, kuma a jiki, a ɗaure, tun kafin a taka jirgi. Wadda aka zauna a kai ba ta da amfani, domin jirgi ba ya sallama kafin ya kife. An raba riguna a tashoshi da dama a 'yan shekarun nan, amma yawancinsu na manya ne, wasu kuma rana ta cinye su, soson ciki ya mutu. Yaro in aka sa masa ta babba, yana faɗawa ruwa za ta zame ta kansa ta tafi ta bar shi. Ku sayi na yaran nan shida daidai jikinsu tun daga gida, masu maɗauri ta tsakanin ƙafafu. Gwajin ba wuya: ka ɗaure masa, ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga, in ta haura kunnuwansa ta yi masa yawa. Mata su sa rigar a kan hijabi, su zaɓi gajere a ranar. A raba yaran, kowane yaro da babban da ke riƙe da amanarsa, a tsakiyar jirgi. Kuma a hana miƙewa tsaye don ɗaukar hoto, wanda a yanzu ya zama sabon ciwo. Jariri da goyo kuwa, shawarata su zauna a tudu.

Akwai ƙananan abubuwa da zan ambata a gurguje. Akwai dorina a yankin Yauri, kuma ta sha kifar da kwale-kwale. In kun hango ta, kada wani ya ce a matsa yara su gani da kyau, musamman mai ɗa. Kada a bar yara su yi wanka a gefen ruwa mai ciyawa komai zafi, nan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya take. In bayan makonni wani ya ga jini a fitsari, a tafi asibiti a faɗa musu an shiga ruwan tafki, maganinta sananne ne, sauran bayani na likita ne ba nawa ba. Jarkar fetur a rufe ta daga rana, kuma ba shan taba. Ragar masunta da kainuwa suna naɗe farfela, in matuƙi ya kashe inji ya sunkuya baya, kada hankalinku ya tashi. Ku ɗauki ruwan sha fiye da yadda kuke zato, ku sa waya ɗaya a leda ku ƙulle. In wata rana kuka je ta ɓangaren sabuwar Bussa, kada ku kusanci jikin dam ɗin, an hana, kuma ruwan wurin yana ja zuwa ƙasa.

Da ni ne kai

Da zan iya ɗaga tafiyar, da na kai ta lokacin sanyi, tafki a cike, kututture a can ƙasa, ba hadari. Shi ma yana da nasa, hazo da iskar hunturu, amma ya fi sauƙi ga baƙo. A 'yan shekarun nan wajen watan Fabrairu ake bikin Rigata na Yauri, inda yara za su ga tseren kwale-kwale da gwanintar 'yan ruwa suna tsaye a tudu. Amma na san hutun malami ba a hannunsa yake ba. In Afrilu ce, to farkonta ya fi ƙarshenta, domin kowane mako ruwa na ƙara sauka, hadari na ƙara kusantowa.

Ku kwana a Yauri, ku je tasha da yamma ku ga jirgin da matuƙin, ku gama magana. Da safe ku fita, ku bi gefe inda kuna ganin gaɓa, awa ɗaya zuwa biyu. Ba ku da abin yi a tsakiyar tafki, ba abin kallo a can sai ruwa da sama. Abin da zai burge yara yana kusa da gaɓa: masunta na jan raga, tsuntsaye, gungu da mutanensa, mata na shanya kifi. Ku bar mutum ɗaya a tudu da ya san inda kuka nufa da lokacin dawowarku, yana da lambar shugaban tasha. In gari ya waye da iska ko matuƙi ya ce yau ba ta yi ba, kada ku ce mun riga mun kashe kuɗin mota. Ku sayi kifi ku ci a bakin ruwa.

Sanina na Kainji ne, musamman tsakanin Yauri da Warrah. In kuka canja shawara kuka nufi Shiroro ko Tiga ko Goronyo, maganar lodi da riga da fitar safe tana nan, amma hanyoyin ruwansu sai 'yan can. Haka batun tsaro, wanda ke canjawa kamar ruwan kansa: an sha fama da 'yan bindiga a dajin da ke kewaye da tafkin, musamman ɓangaren Borgu, don haka ku tambayi mutanen Yauri halin hanya da na gaɓar da za ku bi a cikin makon tafiyar.

Ita kuwa Hajiya, kada ka je mata da gardama. Ka sayo rigunan yaran, ka sa wa ƙaramin a gabanta ka ɗaga shi ta gani, ka faɗa mata ƙarfe nawa za ku shiga da ƙarfe nawa za ku kira ta. In ta sa albarka, ku tafi. In ta ce a'a duk da haka, ku manyan ku shiga, yaran su tsaya a gaɓa da iyayensu mata su ɗaga muku hannu.